Soyayya a Faris, 1934 zuwa 1938: ta wace ƙofa siyasa za ta shiga labarin?

Rahama: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga tsarin wani ƙagaggen labari na tarihi da nake so a duba mini. Wurin Faris ne, lokacin kuma daga ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya a 1918 zuwa farkon na biyu a 1939. Yarinyar 'yar wani likita ce mai hali, ɗan Katolika mai riƙo, yayanta kuma ɗan ƙungiyar Croix-de-Feu ne. Saurayin makanike ne a masana'antar motoci ta Renault, ɗan jam'iyyar kwaminis. Za su haɗu a daren tarzomar 6 ga Fabrairu 1934 a kan gadar Concorde, inda yayan yake cikin masu arangama da 'yan sanda. Uba ya ƙi, su kuma su dage. Matsalar ita ce duk babin da siyasa ta shigo sai ya koma darasin aji, soyayyar ta yi sanyi. Ina gyara yake?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, Malama Rahama. Kafin a zo kan sanyin soyayya, akwai abu biyu da za su rushe labarin a idon wanda ya san tarihin.

Na farko yayan. Croix-de-Feu asalinta ƙungiyar tsofaffin sojojin yaƙin 1914 zuwa 1918 ce, musamman waɗanda suka sami lambar yabo a fagen daga. Wanda yake da shekara 24 a 1934 an haife shi a 1910, bai je yaƙin ba. Uban ne zai iya zama ɗan ƙungiyar, ɗan kuwa sai dai reshen matasa, Volontaires Nationaux, da aka buɗe a 1933. Kuma ko uban ko ɗan, ba a gadar Concorde suke ba a daren nan. Mutanen Kanar de La Rocque, shugaban Croix-de-Feu, sun taru ne a ɗaya gaɓar kogin Seine, suka tunkari ginin majalisa ta baya, da suka zo gab da shingen 'yan sanda aka ba su umarnin watsewa, suka watse. Masu zafin kai sun daɗe suna zagin La Rocque a kan wannan. Waɗanda suka yi ta afka wa gadar su ne 'yan Action Française masu son a dawo da sarauta, da Jeunesses Patriotes ta Taittinger, da Solidarité Française wadda attajirin turaren nan Coty yake ɗaukar nauyinta. In kina so yayan ya dawo gida da jini a riga, ki mai da shi ɗalibin lauya, ɗan Camelots du Roi, samarin Action Française da ke sayar da jaridar jagoransu Maurras a ƙofar coci ran Lahadi.

Na biyu, shekara 21 ta yi wa labarin soyayya yawa. Faransar 1920 ƙasa ce mai zaman makoki: sojoji kusan miliyan 1.4 sun mutu, zawarawa sun kai wajen 600,000, ga masu yankakkun gaɓoɓi da ruguzajjun fuskoki a kowane titi. Faransar 1934 kuwa ƙasa ce mai fushi da 'yan siyasarta. Ki ɗauki zango ɗaya. Daga Fabrairun 1934 zuwa kakar 1938 ya ishe ki, shekara huɗu da 'yan watanni, kuma kusan kowane wata akwai abin da zai taɓa masoyan. Yaƙin farko ya zauna a baya: hoton mamaci a bango, uba mai tari saboda iskar guba, inna da ba ta taɓa cire baƙaƙen kaya ba.

Auwalu: Allah ya gafarta Malam, mai karatu a Kano ko Maraɗi me ya dame shi da wace ƙungiya ce ta tsaya a wace gaɓa? Soyayya ya zo nema.

Malam Habibu: Ya dame shi, Auwalu, domin nan rikicin gidan yake. Uba mai bin oda da ya watse da aka ce a watse, da ɗa mai ganin uban nasa ya yi ragwanta. Ga faɗa a teburin cin abinci tun kafin a ambaci saurayi. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙungiyar tsofaffin sojoji ta 'yan kwaminis, ARAC, ita ma ta fito titi a wannan daren, tana zagin gwamnatin da 'yan sarauta ke zagi. Abin da ya tunzura kowa shi ne badaƙalar Stavisky, ɗan damfarar da ya sayar da takardun bashi na bogi ta gidan jingina na garin Bayonne, yana da 'yan majalisa a aljihu. An tsince shi da harbin bindiga a ka a Chamonix ran 8 ga Janairu, ya mutu, 'yan sanda suka ce kansa ya kashe, jama'a ba su yarda ba. Gwamnatin Chautemps ta faɗi, Daladier ya hau, ya tsige shugaban 'yan sandan Faris Jean Chiappe, wanda 'yan riƙau ke ƙauna. Ran 6 ga wata aka ƙona motar bas, aka ɗaura reza a bakin sanda ana yankan ƙafafun dawakin jami'an tsaro, su kuma suka buɗe wuta. Mutum 15 suka mutu, fiye da 1,000 suka jikkata, washegari Daladier ya sauka. Wato saurayin da yayan za su iya kasancewa a titi dare ɗaya, da abokin gaba ɗaya, sannan kwana uku bayan haka, ran 9 ga wata da 'yan kwaminis suka yi tasu zanga-zangar, da ran 12 da aka yi yajin aikin gama-gari, su wayi gari a matsayin maƙiyan juna.

Hajiya Saude: Rahama, ƙanwata, 'yar likita ba za ta tsaya a kan gada da dare ita kaɗai ba, mai karatu zai ji ƙaryar a jikinsa. Amma an kwashi masu rauni zuwa gidajen abinci na titin Royale aka shimfiɗe su a kan tebura. Uban likita ne. Ta bi shi da jakar kayan aiki, ta riƙe fitila, ta yaga tsumman tebur tana ɗaure ciwo. Nan za ta ga saurayin, kuma uban da kansa ne zai ɗinke masa kai ba tare da ya san ko wane ne ba.

Maganar darasin aji kuwa, dalilinsa ɗaya ne: kina sa mutanenki su yi bayanin siyasa maimakon siyasar ta ci musu wani abu. Ki ɗauki takarda ki raba ta gida uku. Gida na farko kwanan wata da abin da ya faru a ƙasa. Na biyu abin da ita ta rasa ko ta samu a ranar. Na uku abin da shi ya rasa ko ya samu. Duk layin da gida na biyu da na uku suka zama wayam, ki soke shi, komai girman abin a tarihi. Kisan Sarki Alexander na Yugoslabiya da minista Barthou a Marseille a Oktoban 1934 babban al'amari ne, amma in bai hana su haɗuwa ba, bai kori kowa daga aiki ba, kanun jarida a hannun wani fasinja ya ishe shi. Dokokin firaminista Laval na Yulin 1935 da suka zaftare kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikatan gwamnati kuwa, in yayar saurayin ma'aikaciyar gidan waya ce kuma ita ke biyan haya, wannan babi ne guda.

Barista Nafisa: Bari in shigo ta fannin doka, don a nan yawancin irin waɗannan labaran ke zamewa. Shekarun yarinyar su ne makullin komai. In ba ta kai 21 ba, ba a ɗaura mata aure sai da yardar iyaye. In ta kai, sa hannun uba ba dole ba ne, makaminsa sai ya koma kuɗi da mutunci. Kuma a lura, a can ba ango ke biyan sadaki ba. Gidan amarya ne ke kawo dukiya, a rubuta yarjejeniya a gaban jami'in takardu kafin biki. Uba ya ce ba zai ba da ko kwabo ba, yarinyar da ba ta taɓa wanke tukunya ba ta tafi gidan miji da akwati ɗaya.

Auren da doka ta sani shi ne na ofishin magajin gari, kuma dole ya riga na coci. Ana liƙa sanarwa a ƙofar ofishin har kwana 10, da sunaye da sana'o'i da adireshi. Don haka auren ɓoye a unguwarsu ba zai yiwu ba, wani abokin uban zai karanta.

Bayan auren fa? Har zuwa dokar 18 ga Fabrairu 1938, kundin dokokin Faransa yana cewa mace ta yi wa miji biyayya, kuma ba ta shiga kotu ko sa hannu a kwangila sai da izninsa. Albashinta dai nata ne tun 1907. Ƙuri'a kuwa babu: majalisar wakilai ta sha amincewa, majalisar dattawa tana toshewa, sai 1944 aka ba mata 'yancin, suka fara jefawa a 1945. Kada a rubuta babin da ta je rumfar zaɓe a 1936. Abin da za ta iya yi shi ne ta tsaya a waje tana jiran mazan gidansu da saurayinta, kowa ya shiga ya jefa a kan makomarta. A wannan shekarar ce firaminista Léon Blum, jagoran 'yan gurguzu, ya naɗa mata uku a gwamnatinsa, Cécile Brunschvicg da Suzanne Lacore da Irène Joliot-Curie, alhali ba ɗayarsu da ke da ƙuri'a.

In kuma labarin zai kai ga ciki kafin aure, dokar 31 ga Yuli 1920 ta haramta ko tallata hanyoyin hana ɗaukar ciki, zubarwa kuma laifi ne na ɗauri. Zina ma ba a auna ta da mudu ɗaya: matar aure za ta iya shan ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2, miji kuwa tara ce kawai, ita ma sai in ya ajiye daduronsa a cikin gidan auren.

Rahama: Na gode Barista. To in na sa ta shekara 20 a 1934, ta cika 21 a 1935, shi ke nan hanya ta buɗe, labari ya ƙare da wuri.

Barista Nafisa: Hanyar doka ce ta buɗe. Sauran coci da uwa. Auren ofis kaɗai, a idon uwa mai riƙon addini, zaman daduro ne. Shi kuma ɗan kwaminis da ya durƙusa gaban fada abokansa za su yi masa kallon wanda ya sayar da kai. A Afrilun 1936 shugaban jam'iyyar, Thorez, ya yi jawabi a rediyo yana neman haɗin kai da ma'aikata 'yan Katolika, nan za su ga ɗan haske. A Maris ɗin 1937 Fafaroma Pius na 11 ya fitar da wasiƙa mai tsananin la'antar kwaminisanci, ƙofar ta sake rufewa. Shi kansa yayan yana da tasa matsalar, domin wannan Fafaroman ya haramta Action Française tun ƙarshen 1926, har ana hana 'yan ƙungiyar ibadun coci, ba a ɗage ba sai 1939. Uwar tana da 'ya'ya biyu, kowanne ta gefensa ya saɓa da coci. Wannan matar ta cancanci babi nata.

Lawali Damagaram: Salamu alaikum. Abin da ya rage shi ne yadda za su riƙa ganin juna, don Faris ta wancan lokaci gari biyu ce, yamma ta masu kuɗi, gabas da kewaye ta ma'aikata. Amma akwai wata dama da tarihi ya ba ki kyauta. Layi na 9 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana ratsa gunduma ta 16, unguwar likitoci da lauyoyi, kuma ran 3 ga Fabrairu 1934, kwana uku kafin tarzomar, aka tsawaita shi zuwa Pont de Sèvres a Boulogne-Billancourt, bakin masana'antar Renault. Jirgi ɗaya ke ɗaukar su biyun. Sai dai akwai taragon masu daraja ta ɗaya a tsakiya, ja, sauran kuma na daraja ta biyu ne. Ranar da ta sayi tikitin daraja ta biyu don ta tsaya kusa da shi, ba ki buƙatar jawabin siyasa ko layi ɗaya.

Dalilin zuwanta unguwar ma'aikata ma yana nan. Reshen mata na Croix-de-Feu ya yi aikin agaji sosai: rabon miya ga marasa aiki, tufafi, kai yara hutu ƙauye. Uban da kansa ne zai tura ta.

Saƙo kuma kada a sa su riƙa buga waya. Gidan likita yana da tarho, ɗakin makanike babu, sai dai ya je shagon shan kofi ya saka ƙarfen biya, kuma uwa ko 'yar aiki ce za ta ɗauka. Abin da masoyan Faris ke amfani da shi shi ne wasiƙar bututu: 'yar shuɗiyar takarda da gidan waya ke turawa ta bututun iska a ƙarƙashin gari, ta isa cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Matsalarta ita ce hannun da za ta bi. Kusan kowane bene yana da mai tsaron ƙofa, galibi mace, a ɗan ɗakinta na ƙasa. Ita ke raba wasiƙu, ta san rubutun kowa, ta san jaridar da kowa ke karantawa. Da dare in an kulle ƙofa sai ka danna ƙararrawa ta ja igiya daga gadonta, kana wucewa ka faɗi sunanka da ƙarfi. Yarinyar ba za ta dawo ƙarfe ɗaya na dare a ɓoye ba. Mafitarsu ita ce ajiyar wasiƙa a gidan waya, mutum ya je ya karɓa da kansa.

Ɗakinsa kuma kada a yi masa falo. Ɗaki ɗaya ne a otal ɗin haya ko a hawa na ƙarshe, famfo da makewayi a kan matakala na kowa da kowa, wanka sai gidan wankan gwamnati ran Asabar. Kuɗi ana lissafa shi da faran, amma talaka da ƙaramin kuɗin da ake kira sou yake ƙirga, sou 20 faran ɗaya, sou 100 faran biyar, wato abin da mu a Nijar muke kira dala har yau. Farashin burodi da haya da tikiti kada a ƙirƙira. Jaridun lokacin, L'Humanité da Le Populaire da Le Figaro da L'Action française, suna nan kyauta a Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun Faransa. A buɗe na ranar da ake rubutu a kai, a duba shafin tallace-tallace da na yanayi, sannan a karanta labari ɗaya a jaridu biyu masu gaba da juna. Abin da uban ya karanta da safe da abin da saurayin ya karanta ba ƙasa ɗaya suke bayyanawa ba.

Hajiya Saude: Lawali ya kawo abin da nake nema. A ƙara da sutura. Ma'aikaci hula mai baki yake sawa, mai hali malafa. Mace mai daraja ba ta fita ba hula da safar hannu, wadda ta fito kai a buɗe an san 'yar masana'anta ce. In ya kai ta gidan rawa na titin Lappe, inda ake kaɗa akodiyon ana biyan kuɗi a kan kowace rawa, kayanta ne za su tona ta kafin ta buɗe baki.

Auwalu: Na yarda da wannan. Amma ina tsoron abu ɗaya. Irin wannan labarin kullum ma'aikaci ne mai gaskiya, masu kuɗi mugaye. Mai karatu zai gane inda aka dosa tun babi na uku.

Malam Habibu: Wannan tsoron yana kan hanya, kuma tarihin da kansa ya ba da maganinsa. Ɗan kwaminis mai biyayya ya haɗiye maganarsa sau da yawa a 'yan shekarun nan. Kafin 1934 jam'iyyarsa tana kiran 'yan gurguzun Blum 'yan koren fasisanci, daga baya aka ce 'yan uwa ne, aka yi rantsuwar haɗin gwiwa ran 14 ga Yuli 1935. Jam'iyyar da ta yi shekaru tana zagin soja ta koma goyon bayan tsaron ƙasa bayan Laval ya je Mosko a Mayun 1935 Stalin ya amince da shirin tsaron Faransa. Daga 1936 aka fara shari'o'in Mosko ana harbe tsofaffin jagororin juyin juya hali, shi kuma dole ya kare abin a gaban yarinya mai karatu da tambaya. Akwai kuma sakataren reshe da zai tambaye shi me yake yi da 'yar gidan Croix-de-Feu. Matsin da ke kansa bai gaza nata ba.

Ta ɗaya gefen, uban ba dodo ba ne. Mutum ne da ya yi shekara huɗu yana yanke ƙafafun samari a bayan fagen daga, ya ga ajiyarsa ta narke da aka tsayar da faran a 1928 a kan kashi ɗaya cikin biyar na darajarsa ta da, ya ga gwamnatoci suna faɗuwa duk bayan 'yan watanni. Har yau masana tarihi suna jayayya ko Croix-de-Feu fasisanci ce ko riƙau ce mai kakin soja. Da aka rushe ƙungiyoyin a Yunin 1936, La Rocque ya mai da tasa jam'iyya mai shiga zaɓe, ta tara ɗaruruwan dubban mutane. Amma kada a wanke abin da ba ya wankuwa. Ƙin Yahudawa a fili yake a jaridar Maurras da irinta. Ran 13 ga Fabrairu 1936 'yan sarauta suka jawo Blum, wanda Bayahude ne, daga mota a titin Saint-Germain suka fasa masa kai. Ministan cikin gida Roger Salengro ya kashe kansa a Lille a Nuwamban 1936 bayan jaridar Gringoire ta yi ta yi masa ƙazafin gudu daga fagen yaƙi. In yayan yana wurin ran 13 ga Fabrairu, ƙanwarsa za ta sani, kuma ba za ta sake kallonsa kamar da ba.

Hajiya Saude: Kuma babban kuskuren da editoci ke cirewa: mutanen labari su san gobe. Ba wanda ya san yana zaune tsakanin yaƙi biyu. Na 1914 Babban Yaƙi suke ce masa, da yawa suna fatan shi ne na ƙarshe. Pétain, wanda daga baya ya haɗa kai da Jamus, a lokacin gwarzon yaƙin Verdun ne da ko 'yan sauyi ke girmamawa. De Gaulle, wanda daga baya ya shugabanci Faransa, hafsa ne da talaka bai taɓa jin sunansa ba. Katangar Maginot, shingen tsaro a iyakar Jamus, abin alfahari ce. In kin sa jarumarki ta yi hasashen mamayar da Jamus ta yi wa Faransa a 1940, kin kashe tausayin da mai karatu zai ji, don ƙarfin labarin yana cikin cewa shi ya san abin da ke tafe, su ba su sani ba.

Rahama: To Yunin 1936 fa? Nan nake so ya zama tsakiyar littafin.

Malam Habibu: Nan ya dace. Zaɓe zagaye biyu ne, 26 ga Afrilu da 3 ga Mayu, gamayyar Front populaire, wadda ta haɗa 'yan gurguzu da 'yan kwaminis da abokansu, ta ci. Tun kafin Blum ya karɓi mulki ran 4 ga Yuni yajin aiki ya ɓarke, kuma sabon salo ne: ma'aikata ba su fita ba, zama suka yi a cikin masana'antu. An fara a masana'antar jiragen sama ta Bréguet da ke Le Havre ran 11 ga Mayu, Renault mai ma'aikata wajen 30,000 ta shiga ran 28, a watan Yuni masu yaji suka kai kusan miliyan 2. A ciki akwai tsari. Kwamiti ke gadin ƙofa, an hana giya a wurare da yawa, ana share injina ana zuba musu mai don kada a ce an yi ɓarna, ana kwana a kan buhuna da kujerun motocin da ba a gama haɗawa ba, da rana a yi kiɗa da rawa a fili. Iyalai ke kawo abinci a kwando su miƙa ta ƙofa ko ta kan katanga. Ga wurin haɗuwarsu: ita a waje cikin matan ma'aikata da ke kallon takalminta, shi a kan katanga.

Daren 7 zuwa 8 ga Yuni aka sa hannu a yarjejeniyar Matignon, ƙarin albashi kashi 7 zuwa 15 cikin 100 da wakilan ma'aikata. Sai dokar aikin awa 40 a mako da hutun mako biyu da albashi, da tikitin jirgin ƙasa mai rangwamen kashi 40 da minista Léo Lagrange ya samo. Ma'aikata da yawa a bazarar nan suka fara ganin teku. Amma kada a bar daɗin ya daɗe. A Yuli yaƙin basasar Sifen ya tashi, Blum ya zaɓi kada a sa baki, dubban Faransawa suka tafi a matsayin 'yan sa kai, don haka tambayar ko zai tafi ya bar ta za ta shigo ɗakinsu. A kaka aka karya darajar faran, tsadar kaya ta fara cinye ƙarin albashin. Ran 16 ga Maris 1937 'yan sanda suka harbe masu zanga-zanga a Clichy da suka fito hana taron jam'iyyar La Rocque, a ƙarƙashin gwamnatin da ma'aikata suka zaɓa. Uban zai iya kasancewa a cikin zauren taron, saurayin a waje.

Lawali Damagaram: In ƙara abu ɗaya da ya shafe mu. Ban ba da shawarar a cusa Bahaushe a matsayin jarumi don kawai a jawo mai karatu ba, amma Faris ɗin nan ba ta fararen fata kaɗai ba ce. Afirka ta Yamma ta ba da sojoji fiye da 150,000 a yaƙin farko, an buɗe babban masallacin Faris a 1926, an yi baje kolin ƙasashen mallaka a Vincennes a 1931. A kwanakin kafin 6 ga Fabrairu jaridun 'yan riƙau sun baza jita-jitar cewa gwamnati za ta kawo sojojin Afirka su harbi Faransawa, don su tunzura jama'a. A masana'antun kewayen Faris kuwa akwai 'yan Aljeriya da yawa a ayyuka mafi wuya, wurin narka ƙarfe da fenti. Abokin aikin saurayin zai iya zama ɗaya daga cikinsu. Ya yi yajin tare da su, ya yi fatan gwamnatin Blum za ta dube shi, sai shirin Blum da Viollette na ba wasu 'yan Aljeriya 'yancin ɗan ƙasa ya mutu ba a ko jefa masa ƙuri'a ba, a Janairun 1937 kuma gwamnatin ta rushe ƙungiyar Messali Hadj, jagoran 'yan kishin Aljeriya. Mutumin Nijar a lokacin talakan mallaka ne ƙarƙashin dokar da ta ba kwamanda ikon ɗaure shi ba shari'a, ba ɗan ƙasa ba ne. Mai karatunmu zai so ya ga ko jarumin mai wa'azin daidaito yana lura da wanda ke tsaye kusa da shi.

Rahama: Allah ya saka da alheri. Na mai da uban Croix-de-Feu, yayan ɗan sarauta, na fara daga 1934. Saura rufewa. Ina tunanin tashar jirgin ƙasa, an kira shi soja, ita tana kan dandamali. Satumban 1938 ko Satumban 1939?

Malam Habibu: Ba abu ɗaya ba ne. Ran 24 ga Satumba 1938 an liƙa takardun kiran wani ɓangare na sojojin ajiya, kowa ya duba lambar da ke cikin littafinsa na soja, waɗanda abin ya shafa suka nufi tashar Gare de l'Est. Ran 30 aka sa hannu a Munich kan yarjejeniyar da ta bar wa Hitler wani yanki na Cekoslobakiya, jama'a suka tarbi Daladier da murna a filin jirgin Le Bourget, waɗanda aka kira suka dawo gida. A nan uban zai yi hamdala, saurayin zai ce an sayar da Cekoslobakiya, don 'yan kwaminis sun ƙi yarjejeniyar a majalisa. Ita kuwa mijinta ko saurayinta ya dawo da rai, kuma yana so ta ji kunyar murnarta. A ƙarshen Nuwamba aka fitar da 'yan Renault daga masana'anta da barkonon tsohuwa, yajin 30 ga wata ya karye, aka kori masu faɗa a ji. Zai shiga hunturu ba aiki, sunansa a baƙin littafi. In kin kai 1939 kuwa sai kin ɗauki nauyin yarjejeniyar Hitler da Stalin ta 23 ga Agusta, da hana L'Humanité fita, da rushe jam'iyyar ran 26 ga Satumba. Wannan littafi ne na biyu.

Barista Nafisa: In dai an zaɓi 1939, a duba wa zai hau jirgin. Ƙwararrun ma'aikatan ƙarfe da yawa an bar su ko an dawo da su masana'antu a matsayin masu aiki na musamman, don ana buƙatar tankoki da injina, abin da ya jawo musu baƙin jini wurin manoma da iyalan waɗanda ke bakin daga. Makanike irin naki zai iya shiga cikinsu, sai dai in korar 1938 ta sa an cire sunansa. Yayan kuwa, ɗalibin lauya da ya yi aikin sojansa, da wuya bai zama ƙaramin hafsan ajiya ba, shi za a fara kira. Don haka mai yiwuwa yayanta za ta raka tasha, ba masoyinta ba. Ki yanke wannan tun yanzu, don shi zai nuna miki ko za a kore shi a Nuwamban 1938 ko zai tsira da aikinsa.